Tanka

A Kalfu, bayan an zuba hatsi a rumbu,
kawuna Tankari ya kira ni gyaran darni.
Iskar farkon damina ce ta kwantar da shi,
awakin Gomma suka mai da gidanmu hanya.

Muka kafa itace, muka jera kara a tsaye,
na ja da baya na ce, ai mun gama.
Ya sa yatsa ɗaya ya tura.
Duk suka zube kamar masu gyangyaɗi.
Ya ce, je ka saro mini sabara,
ɗanya, mai lanƙwasa ba ta karye ba,
ka ɓaro ɓawon kalgo ka jiƙa.
Yaro, na tsaye ba ya riƙe kansa,
na gicciye ke riƙe shi,
shi ake kira tanka.

Ɗaya ciki, ɗaya waje, kara a tsakani,
ni ina cikin gida, shi yana bakin hanya,
ba na ganin komai nasa sai yatsu.
Ya turo igiya ta tsakanin kara,
na karɓa, na zagaya, na mayar.
In ya ja ban ja ba, aikin banza.

Na tambaye shi ta cikin darni:
wannan kalma daga ina ta zo mana?
Ko daga ita aka yanko sunanka?
Ya yi dariya har kara ya girgiza,
ya ce sunan wani kaka ne, bai bar bayani ba.
Na kai tambayar wurin mushen lakwal,
ya ce kalmomi biyu ne masu riga ɗaya,
ta masu darni daban, ta masu amsa kira daban,
murya ce ke raba su, in ka saurara.
Wataƙila da gaskiyarsa.

Amma inna Tsahara tana tankaɗe a gindin bedi,
ba ta ɗaga kai ba ta ce:
ku masu boko kun cika raba abin da ke haɗe.
Ja igiyar nan da ƙarfi, ka kasa kunne.
Na ja. Sabara ta yi ƙara, ƙiii.
Ta ce, ka ji? Ka kira ta, ta tanka.
Wadda ba ta yi ƙara ba, ba ta kama ba.

Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba,
ni ma ban ce ba, don na san inda ta dosa.
Yayana Abarshi shekara huɗu yana Abijan.
Kuɗi na zuwa, ba mu raina ba,
da su aka yi ƙofar kwano da buhun shinkafa.
Amma ran Juma'a in ta ba ni salula na latsa,
tana ta ringi har ta gaji ta mutu.
Sai ta ce, bai tanka ba?
In ce, wataƙila yana bakin aiki.

Yanzu wasu da waya suke ɗaurewa,
wasu da tsohuwar robar taya, ta fi daɗewa.
Kawu bai hana ba, ya ce dai ba ta magana.

Da la'asar muka kai ƙarshen darni.
Akuyar Gomma ta zo ta goga ƙugu,
ta tura, ta sake turawa, ta haƙura.
Kawu ya bar ƙulli na ƙarshe a sake,
ya bar igiya kamu biyu tana lilo.
Na ce, ka manta wannan.
Ya wanke hannu a kwatarniya, ya ce,
ban manta ba. Wannan na mutum biyu ne,
kuma ni na gaji da tsayuwa a waje.